Aibin da Ake Saye da Kuɗi

Malaman fiƙihu na mazhabar Imamu Malik, tun daga mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, har zuwa mai Muhtasar, Shehu Halilu, sun daidaita a kan cewa wanda ya sayi kaya, sa'an nan daga baya ya tarar da wani aibi wanda aka ɓoye masa a lokacin ciniki, yana da zaɓi, ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Kuma ko dillalin da bai taɓa buɗe littafi ba, wanda iyakar karatunsa haƙoran raguna ne a kasuwar Gazawa ko ta Agye, ya san wannan hukunci sarai, don shi ne abin da ke sa shi buɗe bakin dabba, ya shafa ƙirjinta, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta, kafin a kai ga sallamawa. A wajen malami da dillali duka, aibi abu ne mai rage daraja, wanda mai kaya ke jin kunyarsa, mai saye ke gudunsa. To, ga shi Allah ya kawo mu wani zamani wanda a cikinsa akwai masana lissafi a Balin da Giranobul da Istokholm, waɗanda ke hana idonsu barci wajen auna aibin waɗansu tsofaffin na'urorin kiɗa, su rubuta shi cikin harshen kwamfuta, su sa masa kuɗi, kuma mai saye yakan yi ƙorafi in ya tarar aibin bai cika ba.

Na'urorin nan su ne waɗanda masu ƙera su ke kira sintesaiza, mu kuwa a nan mukan haɗa su duka, manya da ƙanana, mu ce fiyano. Ba su da tsarkiya, ba su da fata, ba a busa su. Wutar lantarki ce kurum ke kai da kawowa a cikinsu, ta fito daga wata maɓuɓɓuga tana ɗanyen amo, ta bi ta cikin matata wadda ke rage mata kaifi ko ta ƙara, sa'an nan a tsara mata yadda za ta tashi da yadda za ta mutu. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Minimoog, wadda Robert Moog da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1970, aka yi ta ƙera ta har 1981, jimillarta ba ta wuce dubu 12 da ƴan kai ba. Tana da maɓuɓɓuga uku, kuma da yake taransista halitta ce mai canza hali da zafi da sanyi, ukun nan ba su taɓa zama a kan murya ɗaya ƙwarai da gaske ba: in an kunna na'urar da safe sai an jira ta ɗumama, in fitilun dandali sun gasa ta sai ta bauɗe, har ya zama dole aka sa mata wani maɓalli mai fitar da amo tsayayye, mai karkarwa sau 440 a daƙiƙa, don makaɗi ya riƙa komawa gare shi yana gyara saiti a tsakiyar wasa. Amma wannan ƴar saɓanin da ke tsakanin maɓuɓɓugan, yadda amon ɗaya ke gogar na ɗaya yana kumbura yana sacewa, ita ce ta ba muryar kauri. Daɗin daɗawa, ɗaya daga cikin injiniyoyin, Jim Scott, ya yi kuskuren lissafi, ya tura wa matatar ƙarfin da ya wuce ƙa'ida, ba a farga ba sai da na'urar ta shiga hannun makaɗa, su kuwa suka ji daɗin gurnanin da take yi, sai aka bar kuskuren inda yake.

Irin wannan labari yana da yawa. Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland na Japan, ya faɗa da bakinsa cewa gangar lantarkin nan TR-808, wadda aka ƙera daga 1980 zuwa 1983, wadda kuma dukanta mai girgiza ciki ke fitowa yau daga wayar kusan kowane saurayi, da taransistocin da masana'anta ta jarraba ta ƙi aka sama mata shuu ɗinta, kuma da sana'ar ƙera taransista ta inganta, marasa kyau suka ƙare, sai na'urar ta rasa abin da za a ci gaba da yin ta da shi. Molon lantarki na Hammond kuwa yana da wata ƴar ƙara, ƙyas, duk sa'ad da aka danna maɓalli, wadda Laurens Hammond ya ɗauka naƙasa ce, ya yi ta neman hanyar kashe ta, alhali makaɗa ita suke so. Masu ƙira dai ba su nufi yawancin waɗannan ba, yaƙi suke yi da su. Shi ya sa da Yamaha ta fitar da DX7 a 1983, wadda ke aiki da lissafi tsantsa, ba ta bauɗewa ko da an kwana ana kaɗa ta, sai jama'a suka yi ta rabuwa da tsofaffin a araha, suna murna an huta.

Ba a daɗe ba aka fara kewa. A 1997 wani kamfani na Istokholm, Propellerhead, ya fitar da manhajar ReBirth, mai kwaikwayon tsofaffin na'urorin Roland a cikin kwamfuta. A 1999 Steinberg na Jamus ya buɗe ƙofar da kowa zai iya rubuta kayan kiɗa ya jona su cikin manhajar naɗar waƙa. Arturia na Faransa ya biyo baya da kwaikwayon na'urorin Moog a 2003. Nan fa aka gane cewa kwamfuta ma tana da nata aibin, wanda ba ta gada daga kowa ba. Ita ba ta san amo mai gudana ba, sai dai ta yanyanka shi ta ƙirga, galibi sau 44,100 a daƙiƙa, kuma ƙa'idar lissafi ta hukunta cewa ba za ta iya riƙe amon da karkarwarsa ta wuce rabin wannan adadi ba, wato 22,050. Abin mamaki, wanda ya wuce ɗin ba ɓacewa yake yi ba, naɗowa yake yi ya dawo ƙasa da wata murya ta ƙarya: amo mai karkarwa 30,000, wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji sam, sai ya bayyana a 14,100, inda ake jin sa, ba ya kuwa da dangantaka da waƙar da ake yi, in makaɗi ya hau sama shi sai ya gangaro. Wannan ne tsatsan ƙarfen da masu kunne ke ji a manhajojin farko.

Akwai kuma wata matsala wadda almajirin da ya karanta tauhidi zai fi injiniya saurin ganewa, don ya san dauri, wato abu ya dogara ga wani abin da shi ma gare shi ya dogara, kuma ya san hankali ba ya karɓarsa. A cikin matatar Moog, amon da ya fita ana komo da wani sashe nasa bakin shiga, daga nan ne take samun fito da kukan da aka san ta da su, kuma a cikin waya ta tagulla fita da komowar kamar a lokaci guda suke aukuwa. Kwamfuta kuwa taki-taki take tafiya: ba ta sanin abin da zai fita sai ta san abin da ya shiga, ba ta kuwa sanin abin da ya shiga sai ta san abin da ya fita. Marubutan farko suka yi dabarar jinkirta komowar da taki ɗaya, kashi ɗaya cikin 44,100 na daƙiƙa, jinkirin da ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, amma ya isa ya karkatar da saitin matatar, ya sa kukanta ya yi ƙeƙas a sama. Sai daga baya aka koyi warware ƙullin, kwamfuta ta yi kirdado, ta gwada, ta gyara, ta sake gwadawa, duk a cikin taki guda. Manhajar Diva, wadda Urs Heckmann ya fitar a Balin a 2011, ta yi suna da wannan, ta kuma yi suna da galabaitar da kwamfuta. Na san malamai za su ce wannan ba dauri ba ne na haƙiƙa, tun da wuta ma tana da lokacinta ko da ya ƙanƙanta. Na sallama, amma kamar ta isa a yi murmushi.

Aibi iri biyu ke nan a cikin manhaja ɗaya, na gado da na kanta, kuma dukan ƙoƙarin masu rubuta ta shi ne su kashe na biyu su raya na farko. Ban ga wata hujja ta hankali da ta fifita bauɗewar taransista a kan naɗowar amo ba, illa dai ɗaya ta riga ta tsufa a kunne, an ji ta a waƙoƙin da aka yi ƙuruciya da su, ɗayar kuwa baƙuwa ce.

Malaman hadisi sun riga kowa tsayawa a kan wannan tambaya, kuma Allah ya kiyashe mu daidaita hadisi da kiɗa, hanyar naƙali kaɗai nake nufi. Idan mai riwaya ya ji malaminsa ya yi lahani a lafazi, shin ya isar kamar yadda ya ji, ko ya gyara? Ibn Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, yana cikin masu cewa a isar kamar yadda aka ji. Auza'i da Ibn Mubarak suna cikin masu cewa a gyara. Ibn Salah kuwa, wanda ya rasu a 643, ya zaɓi cewa a cikin rubutaccen littafi a bar kuskuren inda yake, a ɗora masa alama a bisa, a rubuta daidai a gefe, don amana ta tsira, ilimi kuma ya tsira. Masu manhaja sun bi ra'ayi mafi tsanani, har suka wuce gona da iri. Juno-60 ta Roland, ta 1982, tana da wani sashe mai faɗaɗa amo wanda ke shuu ko ba a taɓa maɓalli ba, sai masu kwaikwayonta suka rubuto shuu ɗin, suka kuma ba ka ikon ƙara shi ko rage shi. Diva tana da shafi guda na ƴan maɓallan murɗawa waɗanda aikinsu kawai su saɓa tsakanin muryoyi. Roland ta sa wa na'urarta System-8 wani ma'auni na lafiyar na'ura, wanda in ka murɗa shi sai ta yi kamar ta tsufa. Har ma masu ƙera na ƙarfe da katako abin ya kama su, don Dave Smith, wanda ya fitar da Prophet-5 a 1978, da ya sake fitar da ita a 2020 sai ya sa mata maɓalli mai lamba daga 4 zuwa 1, huɗu mai natsuwa, ɗaya mai taurin kai irin na ƙirar farko. Babu wani mai kwafar littafi da ya taɓa barin wa mai karatu igiyar da zai ja ya ƙara yawan kurakurai gwargwadon sha'awarsa. Kuma abin da mutum ya zaɓa da hannunsa, ya auna shi, zai kuma iya cire shi in ya ga dama, sunan aibi ya faɗi daga kansa, ya koma ado.

Sa'an nan wace nusha aka kwafa? Minimoog biyu da suka fito daga ɗaki ɗaya ba su da murya ɗaya, balle bayan shekara 50, kondansa ta bushe, an canza wannan an liƙe wancan. Injiniya yakan sami guda ɗaya ko biyu ya aza a kan tebur ya auna, don haka abin da ke iso mana riwaya ce daga wata tsohuwa ɗaya tak, a halin tsufanta, alhali waƙoƙin da suka sa ake begenta da sababbi fil aka yi su.

Mu a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi ba ma bukatar wani ya zo daga Turai ya koya mana cewa amo mai tsabta ƙwarai ba shi da ɗanɗano. Mai garaya da mai gurmi da gangan suke maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandar, don kowane bugu ya zo da rakiyar zizza. Mai goge kuwa, bayan ya shafa wa izgar doki ƙaro, ƙaiƙayin da ke cikin muryar shi ne rabin daɗinta. Amma ya kamata a rarrabe. A Tsibiri, cikin yankin Gidan Rumji, inda Gobirawa suka kafa fadarsu a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan fada a cikin watan Agusta, lokacin da gulbi ya kawo, iska ta yi nauyi da laima, ya ga yadda fata ke saki, muryar ganga ta dushe, makaɗi ya kai ta kusa da wuta ko ya kafa ta a rana, yana juya ta, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne, har ta dawo hayyacinta. In hunturu ya kama kuwa tsoronsa kada ta ɗaure ta tsage. Zizzar ƙarfe shi ya nema, sakin fata kuwa bai taɓa roƙon Allah ya ba shi ba. Abin da mai sauraro ke jin daɗinsa a nan shi ne gwanintar mutum yana kokawa da kayan aikinsa, mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana biyan bashin da laima ta ci. Haka makaɗin Minimoog yake, hannu ɗaya a kan maɓallai, ɗaya a kan saiti. Kowane musabbabi da sababinsa: bauɗewar tana ba da labarin zafin ɗakin, da sa'ar da ake ciki, da shekarun na'urar. Ta cikin manhaja kuwa ƙuri'a ce kwamfuta ke jefawa, ko a Gazawa cikin zafin bazara, ko a Mosko cikin ƙanƙara, duk ɗaya ne gare ta.

Matan da ke sayar da atamfa a kasuwar Maraɗi sun san wannan ilimi ta wata ƙofa. Ƴar Holan asalinta kwaikwayo ce, don a ƙarni na 19 masana'antun Holan, irin na Vlisco da ke Helmond, sun so su yi rinin mutanen Jawa da inji, sai ƙaron da ake shafa wa yadin ya riƙa tsattsagewa, baba yana kutsawa yana barin jijiyoyi. Mutanen Jawa suka ƙi, mutanen gaɓar Afirka ta Yamma suka ce ai wannan ne kyaunta. Da masu araha suka zo sai suka zana jijiyoyin da gangan suka buga. Mai kaya takan warware turmi ta bi da ido, in ta ga jijiya ɗaya tana dawowa daidai wurinta a kowane zagaye, ta juya bayan yadin ta ga ya koɗe, ba ta bukatar duba hatimi. Kunne ma haka yake kama manhaja marar kyau, wadda bugunta na goma tagwaye ne da na farko.

Duk da haka, adalci ya wajaba. Manhajojin yanzu sun kai inda in aka rufe wa gwani ido, aka kaɗa masa su a cikin waƙa tare da sauran kaya, sau da yawa kirdado zai yi. Tsohuwar Minimoog kuɗinta miliyoyin sefa ne, kuma da za a kawo ta Agye, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga ko cikin tukunyar da aka rufe, babu kuma mai gyaranta ko a Yamai sai an sha wuya, da ta zama abin kallo kurum. Manhaja kuwa waɗansu ma kyauta ne, tana shiga tsohuwar kwamfuta ta zauna lafiya. Wanda ke zaune cikin sanyin ɗaki yana raina kwaikwayo, ya tuna cewa abin da yake kira asali shi ma kwaikwayo ne da bai yi nasara ba. An ƙera na'urar TB-303 ta Roland a 1981 don ta maye gurbin jita mai kauri, ta kasa, aka daina yin ta a 1984, sai samarin Shikago suka tsinto ta a shagunan gwanjo, ƙungiyar Phuture ta fitar da Acid Tracks a 1987, kukan da ya hana ta zama jita ya zama wani fannin kiɗa mai zaman kansa, wanda ReBirth ta zo tana kwaikwayo bayan shekara 10.

Namu isnadin ma haka ya taho. Mamman Sani, wanda aka haifa a Ankara ta Gana a 1952, ya sayi molon lantarki ƙirar Italiya, Orla, daga hannun wani ɗan Ruwanda, ya zuba masa karin waƙoƙin gargajiyar Nijar, ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa a 1978, kiɗansa ya daɗe yana raba tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, har mutane da yawa suka san amon ba su san mai shi ba. Da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin a 2013, abin da Turawa suka yi ta yabo shi ne rawar muryar molon da dushewar naɗin. A Kano kuwa, daga ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha na jerin PSR ne ya ɗauke kiɗan fina-finai, makaɗa suna lalubo a cikinsa amon da ya ɗan yi kama da sarewa ko kalangu, dattawa suna tsaki suna cewa wannan ba kiɗa ba ne, kalangun da ba ya magana. Kaset-kaset suka biyo hanyar Jibiya da Ɗan Isa suka cika ƙauyukanmu, ana sauraronsu a rediyo mai batir, in batir ya yi sanyi murya ta ja ta yi kauri.

Na shiga wani ɗan ɗaki a Agye, bayan wata rumfar cajin waya, inda wani saurayi ke naɗa wa mutane waƙoƙin biki da na siyasa da na bege, ya liƙe bango da katifun soso, wutarsa daga farantin rana da batirin mota. A fuskar kwamfutarsa, cikin manhajar FL Studio, ga hoton wata na'ura mai gefen katako, har da zanen ƙujewar fenti. Na nuna masa maɓallin bauɗewa na ce ya murɗa mu ji. Ya murɗa, amon ya yi kauri yana tangaɗi, sa'an nan ya yi maza ya mayar da shi sifiri.

"Baba, ai in na bar wannan, mawaƙi zai ce na ɓata masa aiki, ya hana ni cikon kuɗina. Su so suke komai ya miƙe sak."

A gefe kuwa, ƙarƙashin wani tsohon zane, ga fiyanon Yamaha wanda rana ta cinye launinsa, maɓalli ɗaya yana maƙalewa sai an ɗago shi da farce. Na ce, "To, ɗana, wannan fa, me yake jira?" Ya ce iyayen biki ne ke nemansa, matan da suka yi ƴanmatancinsu a zamanin kaset, in aka yi musu da kwamfuta sai su ce ba irin na da ba ne, har shuu na kaset yakan zuba musu a kai, kuma kuɗin wannan ya fi na sauran. Ya ce kafin fiyanon ya mutu yana so ya naɗe kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya ya adana a kwamfuta. Na tambaye shi ko zai naɗa har da mai maƙalewar. Ya yi dariya ya ce wannan kam sai ya shawarci matan.